Allurar Aduwa

A Ƙaura Namoda, inda dogo ya ƙare,
inda jirgi ke juya baya don babu sauran hanya,
ubana Labbo na da rumfa a bayan tasha:
agoguna marasa numfashi, rediyoyi masu tari,
da garmaho guda wanda ba na sayarwa ba.

Wani makanikin injin gurzar auduga ya kawo shi gyara,
fari, mai ƙaton hanci, ya ce garinsu na bayan teku.
Bai dawo ba.
Ya bar fayafayai goma sha tara cikin akwatin sabulu,
biyu sun tsage tun a hanya.

Tango, haka aka rubuta a jikinsu.
Baba bai san yarensu ba, ko na gaisuwa,
sai ya raɗa wa kowanne suna kamar 'ya'yan cikinsa.
Wannan Mai Bin Bashi: takunsa da sauri,
ƙafa kan ƙafa, ba ya tsayawa shan ruwa.
Wannan Raƙumin Azbin, mai jan goge a hankali
har ka ɗauka ya manta inda za shi.
Akwai wanda fiyanonsa ke dukan ƙasa
kamar mata huɗu a kan turmi ɗaya.

Yakan ce in kasa kunne ga abin nan mai huhu,
wanda ake matsawa a kan gwiwa ya yi ajiyar zuciya.
"Zugazugin maƙera ne," in ji shi,
"sai dai shi ba ƙarfe yake narkarwa ba."

Mawaƙin kuwa ba ya gaggawa.
Sai makaɗa sun ci rabin faifai
sannan ya shigo, kamar baƙon da ya daɗe a zaure
yana jin ana hirarsa.
Ya faɗi tasa a taƙaice, ya koma,
ya bar goge shida suna ƙarasa masa kuka.

A ƙarƙashin sunansa akwai wasu ƙananan sunaye.
Baba kan sa tabarau ya bi su da farce:
"Waɗanga su suka ɗinka rigar.
Wancan sawa kurum ya yi, aka yi mai guɗa."

Shekarar da allurai suka ƙare
ya aike ni gindin aduwa da reza.
Ƙaya ɗaya, faifai ɗaya, sai a fiƙe wata.
Muryar ta yi laushi, ta yi nisa,
sai ka ce daga gidan maƙwabta ake kiɗan.
Inna Hajo na tankaɗe tana mita,
wai kiɗan waɗanda suka kwana ba tuwo ne,
amma ni na ga rariyarta tana bin taku.

Jirgi ya yi ta jinkiri har muka daina jiransa.
Ciyawa ta hau dogo.
Wata Laraba Baba ma ya tsaya,
kamar agogunan rumfarsa.

Bana ɗan ƙanena Sambo ya kara wayarsa a bakin garmaho.
Ta saurara, ta kawo suna, da shekara, da fassara.
Faifan da Baba ke kira Gidanmu Na Da,
wanda ba ya sawa sai bayan isha'i,
in ya rufe rumfa rabi:
ashe wani ne ya koma unguwarsu da furfura,
ya tarar an sayar da gidan, an toshe tagar uwarsa,
ya tsaya a lungu da hula a hannu
ba wanda ya tambaye shi wa yake nema.

Sambo ya ɗago kai.
"Goggo, wa ya fassara mai?"

Ban amsa ba, ina laluben reza a gwangwanin kusoshi.
Aduwar na nan a bayan tasha.
Ta fi da tsawo, sai na ɗan yi ɗage,
ƙayarta dai ba ta canza ba.